Gawayi da Lemon Tsami

Ba zan taɓa manta wata safiyar Litinin ba, ƙarfe bakwai saura kwata, lokacin da na kurɓi shayi na ji zafi ya soki haƙorana na gaba har cikin ƙwaƙwalwa. A lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare, ina zaune gidan gwaggona a Unguwar Rimi. Ita da mijinta sun riga sun wuce ofis, gidan shiru sai ƙarar firji.

A madubi na ga wani farin tabo kamar alli a gindin haƙori ɗaya. Gabana ya faɗi, domin na san dalili. Watanni kafin nan wata 'yar ajinmu ta ce da ni, "Ke malama mai littafi, haƙoran nan naki ai sun yi kalar masara." Ajin ya kwashe da dariya. Tun ranar nake daka gawayi, in matsa lemon tsami, in dirje su safe da yamma. Ni kuwa in na kama abu ba na fashi.

Ban gaya wa kowa ba. Na daina amsa tambaya a aji, na koma cin abinci a ɗaki, ina taunawa da gefe. Kullum tunanina ɗaya: za a cire shi, in zauna da giɓi a gaba.

Ranar da na kasa jurewa, na hau keke ni kaɗai zuwa asibitin haƙori. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta haska bakina ta ce, "'Yata, me kike gogawa?"

Na faɗa mata, kaina a ƙasa.

"Subhanallahi! Haƙori ne ko gindin tukunya?"

Ta ce tsamin yana narkar da ɓawon haƙori, gawayin kuma ya kankare shi. Abin da ya zaizaye ba ya dawowa, amma tabon bai zama rami ba tukuna. Man goge baki mai sinadarin fulorayid, tare da yawun bakina, zai iya sake ƙarfafa wurin. In goga a hankali da burushi mai laushi, in tofar, kada in kuskure baki da ruwa nan take.

Na ce, "Hajiya, za a cire?"

Amsarta ce darasin da nake riƙe da shi har yau.

"Ba za a cire ba. Amma da kin ƙara wata biyu kina ɓoyewa, da wata maganar muke yi. Gobe in abu ya dame ki, buɗe bakin nan ki tambaya."