Gangar da Ta Yi Tsutsa a Anacha

Ranar bikin 'yancin kai, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, na tsaya a bayan wayar filin makarantar mishan da ke kusa da unguwarmu ta bakin gada a Anacha, da farantin gyaɗa a kaina. Ni ba a sa ni boko ba, wannan ma jikata ce ke rubuta mini. Na zo ne in ga Yaya, ɗan maƙwabcinmu mai fataucin shanu, wanda daga baya ya zama maigidana, Allah ya jiƙansa. Shi kaɗai ne Bahaushe a cikin 'yan badujalar makarantar, kuma shi ke riƙe da babbar ganga. Tun kafin su iso wari ya riga su zuwa.

Abin da ya faru, ana saura kwanaki biki fatar gangar ta yage a hannunsa. Malamin kiɗa ya ce ko ya gyara, ko ya ba wani wurin. Yaya ya zo gidanmu yana kuka, saboda Babana mahauci ne a kwata. Baba ya yi dariya ya ce, "Kai, ɗan nema, a kan fata kake zubar da hawaye a gidan fawa?" Ya kawo fatar bunsuru da jininta, na kankare kitsen da wuƙa ina kawar da kai, muka barbaɗa toka, aka kafe ta da ƙusa a tsakar gida kamar yadda ya saba yi a garinsu can Arewa. Ya manta nan Anacha ce, damina ba ta ɗauke ba, ko wanki sai ya kwana yana ɗiga. Fatar ta bushe ta sama, cikinta ɗanye. Haka aka ɗaure ta a jikin ganga aka kulle a ɗakin ajiyar makaranta.

Sai ga ranar bikin ta zo. Ƙudaje korra suna bin Yaya, masu busa begila suna busawa suna tofar da yawu, 'yan mata sun toshe hanci da gefen riga. Yana dukan gangar tana amsawa luɓus, kamar an mari tumbi. Da suka zo gaban manyan baƙi ya ɗaga hannu ya sauke da ƙarfi, sandar ta nutse, wani ruwa ruwan ƙasa ya biyo masa farin wando, tsutsotsi suka zubo a kan takalminsa. Malamin ya finciko shi da kunne yana ihu da broka, "Aboki, komot!", wato ya fita. Ɗoyin bai kai wannan dariyar da aka yi ƙazanta ba, manya da yara, har da masu riƙe wa manyan baƙi lema. Na juya na yi amai a magudanar ruwa, gyaɗar ta zube.

Yaya bai sake taka makarantar ba. Ya shiga dako a babbar kasuwa, ya sayi wata jita mai araha, katakonta kamar kwalin ashana. In wayar jitar ta tsinke sai ya ɗaura ta birkin keke. Bai taɓa iya ta ba. Waƙar faretin nan guda ɗaya ya yi ta ƙwaƙula har muka yi aure, har muka aurar da 'ya'ya, ni kuwa kullum ina cewa, "Malam, don Allah ka bar kunnena ya huta."

Bara ya rasu. Ina cikin takaba 'ya'yanmu suka share ɗakinsa, suka jefa jitar a bola tare da tsummoki, ko su tambaye ni. Yanzu jikoki ke kunna kiɗa a waya, mai tsabta, ba kuskure ko ɗaya, ina jinsa kamar abinci ba gishiri. Kunnen nawa ya huta, ga shi ina kuka.