Ciyawar Makabartar Turawa

Wata Asabar ce a tsakiyar daminar shekarar da nake aji huɗu na firamare, Kaka ta miƙa mini ƙaramar fartanya ta ce mu tafi makabartar Turawa. Duk wanda ya tashi a Zungeru ya san wurin, amma gidanmu ne kaɗai ke nome shi. Mahaifin Kaka ya yi wa Turawan farko da suka zauna a garin aikin kuku, kuma ya bar wasiyya kada a bar ciyawa ta rufe su. Ni da Yaya Asabe, 'yar wan babana da ta girme ni da shekara takwas, mu ne 'yan rakiya. Ita ke riƙe hannuna idan za mu tsallake kwari, ita ke kaɗa ciyawa da sanda saboda maciji.

Kaka tana noma tana ba mu labarinsu yadda ta ji a bakin mahaifinta. Wai ruwa sai an tafasa an tace suke sha, amma duk da haka zazzaɓi ya riƙa ɗibarsu ɗaya bayan ɗaya. Gara ta cinye musu akwatuna da takalma. Abincin gwangwanin da suka zo da shi ya kumbura don zafi, suka ƙi tuwo har sai da yunwa ta koya musu ci. Akwai wani saurayi, akawu ne, da aka ce masa shekara ɗaya zai yi ya koma. Kullum yana bakin kogi yana jiran jakar wasiƙu, ko an rubuto ya dawo gida. Ba a rubuto ba. Kabarinsa ne na ƙarshe, gindin ɗorawa. "Ba mulkin da suka yi mana na manta ba," in ji Kaka, "amma wannan, nasa ne suka turo shi suka juya baya." Yaya Asabe ta kwashe da dariya ta ce, "Haba Kaka, wane sakarai ne zai bar tuwon uwarsa ya zo garin wasu ya mutu?" Muka yi ta ƙyaƙyatawa a hanya, muna ɓarar dafaffiyar gyaɗa, ƙafafunmu duk taɓo.

Yaya Asabe ce ta kawo ni Doha wata biyar da suka wuce. Ta riga ni zuwa da shekaru. Ta ce wa Mama aikin kanti ne a unguwar Al Muntazah, ɗaki ɗaya za mu zauna. Daga filin jirgi sai ta kai ni wani gida, ta karɓi fasfona ta miƙa wa maigidan, wai shi ne kafil ɗina, mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar. "Sati biyu kawai, ƙanwata, zan zo in ɗauke ki." Tun ranar nake wanki da goge-goge, ban taka bakin titi ba. Shekaranjiya, bayan kira ba adadi, ta ɗauka. "Khalas, ya isa haka, Talatu, ke ba yarinya ba ce. Ki daina kirana."

Jiya Mama ta kira tana tambaya ko ina yi wa yayata biyayya. Na ce ina yi. Ban san yadda zan koma gida ba, ban kuma san da wane baki zan gaya mata ba.

A Zungeru idan tsoro ya kama ni, sunan Yaya Asabe ke fara zuwa bakina, kafin ma na Mama. Har yau haka yake zuwa, sai in haɗiye shi.