Hamidu ya ce ya iso, bai ce ina ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Hamidu, in dai za a yarda da lissafina. Daga ranar da saƙonsa na ƙarshe ya shigo nake ƙirgawa, domin babu wanda ya zo mana da wata rana daban. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. Sai da aka shekara huɗu alƙali ya yanke cewa ya rasu, aka yi sadaka, matarsa Hadiza ta yi takaba, daga baya ta yi aure a Ngurore, kuma Allah ya sani ban riƙe ta a zuciya ba. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada, tana nan da rai a gidanmu na unguwar Ajiya. Abu ɗaya take nema har yau: a nuna mata garin da ɗanta ya kwanta, ta je ta tsaya a kan ƙasarsa ta yi addu'a kafin ita ma a kira ta.

Ni ce 'yar fari, shi ne auta. Dada Bafulatana ce ta tsohuwar Yola, ba ta taɓa kiran sunana ba, Adda take ce mini, wato yaya da Fulatanci, yadda ƙannena suke cewa. Shi kuwa babu wannan kunyar a tsakaninsu. A gaban kowa take ajiye masa ƙanzon tuwo, a gaban kowa take ce masa mai kunnen ƙashi.

A lokacin ina sakatariya a wata ƙaramar ƙungiyar agaji a Jimeta, mai ɗakunan shan magani uku a garuruwan arewacin jihar. Hamidu ne mai kula da kwamfutocinmu. Akwai wani akwatin ƙarfe a ɗan ɗaki kusa da kicin, yana gurnani kamar tsohon firji, shi yake kira saba, ta cikinsa duk imel ɗin ma'aikata yake bi. Ya fi kula da wannan akwati fiye da cikinsa. Ranar da aka yi zafi sai ya zo ya ɗauke fankar ofishina ya kai wa saba, in na yi magana ya ce, "Adda, ke za ki iya shan ruwa, shi ba zai iya ba."

Shi ya koya mini abin da ake kira log. Ya ce sabar tana rubuta wa kanta duk abin da ya wuce ta cikinta, kamar maigadi a bakin ƙofa. Wani sashe dole ne a bar shi: saƙo ya shigo, ƙarfe kaza, daga wane zuwa wane, ya isa ko bai isa ba. In babu wannan, ranar da abu ya lalace ba a san inda za a kama ba. Sauran kuwa zaɓi ne, 'yan ƙananan akwatuna a jere a kan allo, wanda ka yi wa alama shi za a riƙa rubutawa: kan maganar saƙon, sunan na'urar da aka turo da ita, da lambar layin da mutum ya shigo ta kansa. Wannan ta ƙarshen ita ce maganar. Kowane ɗakin shan magani namu yana da nasa faifan intanet a kan rufi da lambarsa daban, saboda haka in ka ga lambar ka san garin da mai saƙon yake zaune.

Shekaru duk akwatunan nan suna da alama, babu wanda ya damu. Sai 'yan tada ƙayar baya suka fara sauko wa garuruwan arewa. Jimeta ta cika da mutane, kowane gida da baƙi, a unguwar Yolde Pate har ƙarƙashin itatuwa ake kwana. Ma'aikatanmu da suka rage can suna turo mana bayani: hanya kaza a buɗe take, mutane sun taru a wuri kaza, maganin zazzaɓi ya ƙare. A wannan zamani kowa yana zargin kowa. Wanda aka ji yana kai rahoto gari, an san abin da ake yi masa.

Wata safiya na kai masa shayi na tarar yana cire alamomin nan ɗaya bayan ɗaya. Na ce me yake yi. Ya ce daga yau sabar ba za ta ƙara rubuta inda saƙo ya fito ba, ya ma sa ta riƙa goge lambar daga jikin saƙon kansa, kuma ya gaya wa ma'aikata su daina ambaton sunan gari. Na ce shugaban ƙungiya ya sani? Ya ce ya sani, sun yi ta ja tun jiya, domin masu ba mu tallafi suna son shaidar cewa ɗakunan suna aiki, amma ya yarda. Raina bai kwanta ba. Na ce, "To ranar da wani ya ɓata fa? Ta ina za mu nemo shi?"

Ya ce, "Adda, abin da zai nuna mana inda yake shi zai nuna wa wasu. Akwatin nan mutum biyu sun isa su ɗauke shi. Abin da ba a rubuta ba, ko an ɗora mini bindiga ba ni da shi."

Na ce ya cika wayo. Ya yi dariya ya ce sukarin shayin ya yi kaɗan.

Ba a daɗe ba layukan suka fara yankewa, ya ce zai zaga ɗakunan uku ya gyara, ya kai musu batir. Dada ta hana, na hana, Hadiza ta yi kuka. Ya ce in layin ya mutu, mutanen can ba su da bakin kiran kowa. Bai gaya wa kowa da wane gari zai fara ba, ya ce sai ya ji labarin hanya a tasha. Wayoyi ba sa shiga can a lokacin. Washegari da la'asar saƙo ya shigo akwatin imel ɗina: "Adda, na iso lafiya. Layi ya dawo. Ki ce wa Dada ta ajiye mini ƙanzo."

Shi ke nan. A cikin makon aka shiga garuruwan nan uku, aka ƙone ɗakunan, kowa ya watse.

Mun nema. Abokin aikinsa Ishaya ya buɗe sabar a gabana, ga layin saƙon, ga lokaci, ga sunansa da nawa, a gurbin lambar kuwa ɗan gajeren zane kawai. Na ce ya tono, ai an ce kwamfuta ba ta mantuwa. Ya ce, "Anti, ba mantawa ta yi ba, tun farko ba ta rubuta ba. Oga Hamidu ya yi aikin da kyau." Ban taɓa jin haushin a yabi ƙanena ba sai ranar. Kamfanin da ya sa mana faifan ya ce ba ya ajiye irin wannan bayani da daɗewa. Da hanya ta buɗe na taka garuruwan uku da ƙafata. A na farko waɗanda suke ɗakin ranar duk sun mutu. A na biyu wani tsoho ya ce ya ga baƙo da jaka, amma baƙi da jaka sun yi yawa a lokacin. A na uku ko harsashin ginin ban gane ba, an shuka masara a wurin.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga yau. Sabar tasa an kashe ta bara, ƙungiyar ta koma kan wani babban kamfani na waje wanda yake rubuta komai, ko ka so ko ba ka so. 'Ya'yana suna tura wa ƙawayensu inda suke tsaye a kan taswira don kawai a kawo musu awara. Ina jin da zai kama kai ya ce mun haukace. Ko kuma ya yi shiru, domin har yanzu ana ɗauke mutane a hanya, kuma duk wannan rubuce-rubucen bai dawo da kowa ba.

Na so in rubuta a nan cewa abin da ya yi ya ceci rayuka. Ban sani ba. Babu wanda ya zo ya ɗauki akwatin, ba a taɓa shigowa ofishinmu ba. Wata ma'aikaciyar jinyarmu, Rifkatu, wadda ta riga ta fito kafin tafiyarsa, ta taɓa ce mini don ya tabbatar mata babu mai gane inda take shi ya sa ta iya turo bayanin hanyar da mutane suka bi suka tsira. Na gode mata. Amma ina kwana da tunanin cewa wataƙila ya kulle ƙofar da babu ɓarawon da zai zo, mu kaɗai ya kulle a waje. Ina alfahari da shi, ina kuma fushi da shi, shekarun nan ba su rage ko ɗaya ba.

Abin da ya rage nasa kaɗan ne. Fankar tana ofishina. Ishaya ya buga mini layin nan a takarda kafin a kashe sabar, da ɗan zanen a inda gari ya kamata ya kasance. Sai Dada, wadda ƙafafunta sun kumbura, idonta ya yi rauni, likita ya ce tafiya mai nisa sau ɗaya ma da ƙyar.

Ran Juma'ar da ta wuce ina shafa mata man zafi ta riƙe hannuna. Hausarta ta Yola ce, kowa "ka" ne a wurinta. Ta ce, "Adda, ka zaɓa mini ɗaya."

Na ce ɗaya me?

Ta ce, "Cikin garin ukun. Ka ce mini nan ne. Ba zan tambaye ka yaya ka sani ba."

Na yi wa direban ofishinmu magana, ya ce motar tana nan ran Asabar, a tanadi matashin jingina saboda bayan Dada. Ya tambaye ni wane gari za mu, don ya san man da zai sha. Na ce zan gaya masa.