Zannuwan da na rufe taga da su

A shekarata ta biyu da fara koyarwa aka tura ni wata ƙaramar sakandare a gefen Kurmin Kogi. Turanci aka kawo ni in koyar, amma da yake ni kaɗai ce Kirista a cikin malamai, sai darasin addinin Kirista ya faɗo kaina. Yara goma sha bakwai ne, yawancinsu 'ya'yan Hausawan ƙauyukan nan masu zuwa coci, sai 'yan kaɗan irina daga kudancin Kaduna. Kafin zuwana, in lokacin darasin addini ya yi, sai dai su fita su zauna a gindin mangwaro har a buga ƙararrawa. Iyayensu sun sha zarya kafin a sa musu darasin a jadawali. Ranar da shugaban makaranta ya miƙo mini makullin tsohon sito ya ce nan ne ajinmu, sai da ya ja mini kunne. Ya ce in dai ya ji ƙorafi daga gari, to ya soke darasin, shi ba ya son fitina.

Sati uku ina karanta musu littafi suna hamma a gabana, ko kunya babu. Amma da an fita tara sai in ji su suna labarin fim, har da kwaikwayon muryar 'yan wasa, babu kalmar da suke mantawa. Abin ya ƙona mini rai. Na ce to, tunda nan hankalinku yake, nan zan biyo ku. Na karɓo tsohuwar kwamfutar ƙanena, ranar kasuwar Ikara na je shagon masu turi aka zuba mini finafinan Hausa irin waɗanda kowa ke kallo.

Ba na bari fim ya kai ƙarshe. In kunna, mu kalla har inda mutum ya zo zai yanke shawara, ko ya rama ko ya yafe, ko ya mayar da abin da ya tsinta ko ya soke a aljihu, sai in tsayar. Su yi ta ihu, «Haba Malama!» In ce babu haba, in kai ne me za ka yi? Sai gardama ta kaure. In sun gaji mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu ga abin da ya ce. Yaran da da sai na yi musu tsawa suke buɗe baki, yanzu sai na yi tsawa suke yin shiru.

Matsala ɗaya, sito yana da ƙatuwar taga marar murfi, rana kuma a kan kwamfutar take sauka, ba a ganin komai. Na kawo zannuwana biyu na kafe su da ƙusa, na riƙa tura ƙofa. Ni dai haske nake tarewa. Ban taɓa fita waje na duba yadda abin yake a idon mai wucewa ba: baƙuwa ta shige ɗaki da yara, ƙofa a rufe, taga a lulluɓe.

Akwai wasu 'yan mata biyu a makarantar, 'yan wa da ƙane, gida ɗaya suka tashi. Uban babbar Kirista ne, uban ƙaramar Musulmi, abin da ba baƙo ba ne a ƙauyukan nan. Babbar tana ajina. A wannan zangon malamin addinin Musulunci ya tafi Zariya jinyar mahaifinsa, ajinsu ba kowa, sai ƙaramar ta biyo 'yar'uwarta ta raɓe a bencin baya. Na gan ta tun ranar farko, kuma na san ya kamata in ce ta fita, ko in je in tambayi ubanta. Ban yi ba. Yarinyar akwai kai, in na tsayar da fim amsarta ta fi ta kowa, ni kuma daɗi nake ji. Haka muka yi sati huɗu.

Wata Laraba muna tsakiyar kallo aka buga ƙofa. Shugaban makaranta ne. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon zannuwan nan, fuska ba walwala. Ranar ƙaramar ba ta zo ba, tana fama da zazzaɓi. A gaban yara ya ce, «Malama, magana ta iso ni. Akwai 'yar Musulmi da ta taɓa shiga ajin nan?»

Abin da na hango kawai shi ne ya karɓe makulli, iyayen yaran nan kuma su ce ni na ja musu. Na ce, «A'a, Yallaɓai. Ba a taɓa yi ba.»

Ya dube ni, ya dubi yara, ya ce to, ya tafi.

Na koma na kunna fim. Na wani mutum ne da aka kira shaida a kan iyakar gona. Da aka zo inda alƙali ya tambaye shi, na tsayar kamar kullum, na ce me ya kamata ya yi? Shiru. Na sake tambaya, har da ɗaga murya. Can sai babbar nan ta ɗaga hannu. Ba rashin kunya ta yi mini ba, tambaya ce tsakani da Allah. Ta ce, «Malama, mu ma in shugaban makaranta ya tambaye mu, haka za mu ce?»

Kai, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na rufe kwamfuta na ce su jira ni. Na tarar da shugaban makaranta a ofis, na ce, «Yallaɓai, ƙarya na yi maka. Ta shiga, sau huɗu, kuma da sanina.» Ya cire tabarau ya yi ta faɗa. Daga ƙarshe ya ce in je in ga uban yarinya da kaina. Abin da uban ya ce, shi za a yi da darasin.

Da la'asar babbar ta raka ni. Muka same shi a ƙofar gida yana kwashe shanyar tattasai. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida, sai da gaisuwa ta ƙare tsaf sannan na zayyana masa komai, har ƙaryar da na yi da safe. Bai daina zuba tattasai a buhu ba.

Ya ce, «Malama, ai na sani. Tun ranar farko ta gaya mini. Kullum sai ta dawo ta ishe mu da in kai ne me za ka yi, har uwarta ta gaji. Ni ban ga aibu a ciki ba. Mutane ne suka dame ni da maganar ɗaki a rufe, shi ya sa na ce a tambaye ki.»

Na ce, «Baba, ka yi haƙuri. Laifina ne, kada a hukunta yaran.»

Ya ce, «'Yar wana tana ajin nan, yaya zan sa a rufe shi? Ki je ki cire zannuwanki, ki bar ƙofa a buɗe, kowa ya ga abin da kuke yi.» Ya ɗaure bakin buhu, sannan ya ɗago ya dube ni. «Amma tawa ba za ta ƙara shiga ba. Da kin tako kin tambaye ni, da na bar miki ita. Sati huɗu ina jiran ki.»

Darasi bai mutu ba. Na cire zannuwa, muka juya benci muka kai kwamfuta lungun da rana ba ta kaiwa, ana gani dishi-dishi, a haka muka ci gaba. Ƙaramar ta warke ta dawo makaranta. Duk ranar Laraba takan rako 'yar'uwarta har bakin ƙofar sito, ta rusuna ta ce, «Malama, ina kwana,» ta juya. Ni kuma in na tsayar da fim na yi tambaya, sai in ga idona ya tafi bencin baya, har aka yi mini canjin makaranta ban daina ba.