Shekarar da Dausayin Hilkka Ya Ƙi Daskarewa

Hilkka Tervo maƙwabciyata ce a yankin Kainuu mai tsananin sanyi. Ta gaji dausayi daga mahaifinta, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haƙa lambatu a ciki har ruwa ya ja baya, itatuwan katako da muke kira mänty suka miƙe sambal. Yawancinmu mukan sare daji ƙarƙaf, mu karɓi kuɗi a dunƙule, mu sake dashe. Ita kuwa manyan take tsinta ta bar ƙanana, shi ma sai ƙasa ta daskare yadda za ta ɗauki nauyin inji.

"Iya, wannan tsince-tsincen naki ko kuɗin mai ba ya fitarwa," in ji Ensio, direban injin sara. "Ki kwashe su gaba ɗaya ki huta."

"Sarkin gaggawa! Itatuwan nan su ke shanye ruwan. In na kwashe su, kifi zan shuka?"

A waccan shekarar dusar ƙanƙara ta riga sanyi sauka. Ta lulluɓe dausayin, sanyi ya kasa ratsawa: sama fari fat, ƙarƙashi taɓo. Hilkka ta soka sandar ƙarfe, sanda ta shige ba gardama, ta fito da baƙin ruwa. Ta ce a jira. Amma mai sayen katako ya matsa, rufin gidanta yana yoyo, Ensio kuma ana jiransa a wani ƙauye. Sai ta yarda.

Ensio ya shimfiɗa rassa a hanya, ya shiga da injin. Ina tsaye kusa da ita muka ji ƙasa ta yi wani irin nishi. Injin ya karkata a hankali, taɓo ya haɗiye ƙafafunsa. Ensio ya fito ta taga, ya rarrafo da ciki, ba hula.

"Iya, babu ƙasa a ƙarƙashin nan," ya ce. "Babu komai."

Sai da aka kawo manyan injuna kafin a janyo injin nasa. Ramin da ya bari ya cika da ruwa, itatuwan gefe suka fara sunkuyawa. Tun daga ranar babu direban da ya sake yarda ya shiga mata.

Yanzu ita kaɗai take sara da zarton hannu, da tsufanta, tana jibge gumagumai a inda suka faɗi, tana jiran sanyin da zai ba ta hanyar fito da su. 'Yarta tana bugo waya daga birnin Oulu, kullum maganar a sayar da dausayin. Bana ma ga Janairu ya kusa ƙarewa, ruwan sama ake yi.