Faifan da Ke Korar Tsuntsaye a Gonar Inna

Ranar wata Juma'a ce a ƙarshen damina, shekarar da nake aji shida na firamare, aka shimfiɗa wa Inna tabarma a ɗakin Baba, a gidanmu na Tudun Wada cikin Gusau. Inna kakata ce ta wajen uba. Tun da hantsi ta iso daga Rawayya da ƙullin daddawa da ɗanyar gyaɗa, ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na zuwa suna, wai ba za ta bari ɗanta ya gan ta da kayan gona ba. Baba yana Masar a lokacin, wurin aikinsu ya tura shi karatun noman rani, kuma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan taru gaban kwamfutarsa mu gan shi yana magana. Inna ba ta taɓa gani ba, sai labari. Babbar yayarmu, Yaya Saratu, ta danna maɓalli, injin ya yi gurnaninsa, allo ya kawo haske. Sai ga hoton Baba ya cika allon, amma ba Baban da muka sani ba. Fuskarsa ta yi faɗi kamar faranti, kumatunsa sun cika, idanunsa sun shige ciki, fatarsa ta yi dabbare-dabbare, wani wuri kore wani wuri toka-toka. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Mi ya samu ɗana?"

Abin da ya faru shi ne, kwamfutar ta daɗe tana ciwo. Bairos, cutar kwamfuta, ya cika ta, in an danna abu sai a je a wanke kwano a dawo bai buɗe ba. Yaya Saratu ta yi kwas ɗin kwamfuta bayan sakandare, don haka ranar Alhamis ta kwashe hotunanmu a filash, ɗan ma'ajin da ake soka wa kwamfuta, ta share komai, ta sake ɗora babbar manhajar da ke tafiyar da injin, duk don Inna ta ga ɗanta ba tare da tsaiko ba. Tana mayar da hoton Baba aka ɗauke wuta, ba ta samu ta duba aikinta ba. Yanzu ga shi komai na allon ya kumbura, har rubutu, ga kuma modem ɗin intanet an soka shi yana ƙyafta jar wuta, kwamfutar ta yi kamar ba ta taɓa saninsa ba. Yaya ta durƙusa tana rantsuwa cewa tsohon hoto ne, na'ura ce ta miƙe shi. Inna ba ta ko dube ta ba. Cewa ta yi, "Wanga kumburi na san shi. Haka na ubanai ya hwara." Mu duka mun san abin da take nufi, domin kakanmu ciwon ƙoda ne ajalinsa, kuma daga fuska ya soma.

Da Baba ya gaji da jiranmu sai ya kira wayar Umma. Aka yi rashin sa'a mura yake yi, muryarsa ta dishe. Ya yi ta dariya yana cewa lafiyarsa lau, Inna ta saurara har ya gama, ta miƙa wa Umma wayar ta ce murya ba ta nuna kumburi. Aka ce a kai ta shagon intanet ta gan shi a wata kwamfutar, ta ce a'a, wannan akwatin ne ya faɗa mata gaskiya lokacin da mutane ke ɓoye mata, a shi take son ta ga ƙarshen magana. Daga ranar ta ture akushi. Ruwa kawai take sha, sai kunu in Umma ta yi ta roƙo, ta kurɓa ta ajiye. Ta koma kan buzunta da carbi, tsohuwar da ba ta iya zama wuri ɗaya, mai shiga madafa ta karɓe muciya a hannun Umma.

Ni kuwa na yarda da Inna ɗari bisa ɗari, don a ganina babba ba ya kuka a banza. Na tuna ƙafafun kakanmu, yadda ake danna yatsa a kansu ramin ya zauna bai taso ba. Sharar ɗakin Baba aikina ce, amma na koma ina share bakin ƙofa in gudu, ko da yake an lulluɓe kwamfutar da tsohon zane. A makaranta ƙawayena suna carafke a gindin dogon yaro, ni ina gefe ina tona ƙasa da tsinke. A Islamiyya hadda ta ɓace mini, malama ta ɗaga bulala, da ta ga fuskata ta sauke. Ina wanke-wanke ina addu'a, ina tankaɗe ina addu'a, duk wadda na iya sai da na karanta, har ta shiga kasuwa. Sallamar baƙo a zaure kuwa faɗuwar gaba ce, don na ɗauka da ita ake kawo labarin mutuwa.

Yaya Saratu ta fi kowa ramewa, don tana ganin da hannunta ta kwantar da Inna. Ta yi mini bayani wata rana muna tsinkar zogale: akwai wasu ƙananan manhajoji da masu gyara ke kira direba, su ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da allonta da kuma ramukan da ake soka abubuwa, kuma sun tafi tare da sharar da ta yi. A intanet ake samunsu, intanet ɗin kuma ba ya kamawa sai da su. Ta je shagon intanet na kusa da kasuwa ta wuni tana sauke wasu a filash, ta dawo ta ɗora, allon ya yi baƙi ƙirin. Wannan ya fi komai razana ni, na ce shi ke nan, Baba ya tafi. Da ƙyar ta kashe ta kunna ta cire abin da ta sa, kumburarriyar fuskar ta dawo. Wani mai gyara ya ce mata injin tsoho ne, ta nemi faifan da ya zo da shi a kwali, komai yana ciki. Muka birkice gidan, ƙarƙashin gado, bayan kabad, har kwalin da kazarmu ke ƙwai a ciki. Muka sami jakar takardar faifan, babu komai a ciki.

Muna tsakar gida Yaya tana kwatanta wa Umma, faifai ne mai shuɗin baya da rubutun Turanci, sai muka ji muryar Inna daga ɗaki, a raunane: "Madubban nan kuke nema? Suna gona." Ashe da farkon damina ta roƙi Umma tsofaffin faya-fayan wa'azi da suka kakkarce, Umma ta ce ta ɗiba a ɗakin Baba, ita kuma ta haɗa da duk mai ƙyalli. A Rawayya haka ake yi, in gero ya fitar da kai sai a ja igiya a rataya faya-fayai da gwangwanaye, walƙiyarsu ta kori tsuntsayen jan baki.

Washegari da sassafe muka shiga motar Rawayya ni da Yaya. Baffa, ƙanen Baba da ke zaune can, ya shige gaba muka bi shi cikin geron da ya fi mu tsawo, raɓa tana jiƙa mana hijabi. Gonar nan na san ta, a nan nake hutu ina jan igiya ina ihu har muryata ta tafi, a ba ni gasasshiyar masara lada. Amma ranar ban ga kyanta ba. Faya-fayan suna juyawa a iska suna harba haske a ido, muna kama su ɗaya bayan ɗaya muna dubawa, kowanne rana ta ci bayansa. Can wajen tsamiyar kan iyaka Yaya ta tsaya. Shuɗin ya koɗe, ga kashin tsuntsu a gefe, amma Allah ya sa ta ramin tsakiya aka zura igiyar, ba a huda shi ba. Baffa ya kwance yana cewa, "To ku gaya wa Inna kusurwar nan ta zama ta tsuntsaye." A hanyar dawowa hadari ya taso, Yaya ta naɗe faifan a hankici ta rungume shi a cikin hijabi kamar jariri.

Ta wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, ta goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Babu wuta, maƙwabcinmu ya ja mana waya daga janaretonsa. Faifan ya shiga, ya yi kuka, ya tsaya, ya sake ɗauka, ni kuma na riƙe gefen zanen Umma. Yaya ta fara ɗora direban allo. Allon ya ɗauke ya yi duhu, na rufe ido. Da na buɗe ido, ta riga ta sake kunnawa, tana zaɓar girman da ya dace da allon, sai na ga kumatun Baba sun koma mazauninsu, koren ya wanke, ga ɗan tabon goshinsa na sujada. Ta ɗora sauran, ta soka modem, jar wutar ta koma shuɗiya. Ta sake shigar da saitin layin da manhajar kira, Umma ta aika wa Baba saƙo.

Aka tallabo Inna. Da Baba ya bayyana yana motsi yana gaishe ta, ba ta amsa gaisuwar ba. Ta ce ya danna kuncinsa da babban yatsa. Ya danna, naman ya taso. Ta ce ɗayan. Sannan ta ce ya nuna mata ƙafa. Baba, mutum mai furfura a gemu, a ɗakin da abokan karatunsa ke zaune, ya cire safa ya ɗaga ƙafarsa gaban kamara yana dannawa, muna jin Larabawa suna dariya a bayansa. Inna ta matsa har hancinta ya kusa taɓa allon. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Sai ta juyo wajen Umma ta ce a ɗumama mata tuwon jiya, a sa man shanu. Da za ta koma Rawayya ta tsaya a zaure ta ce a ba ta madubinta, gero bai isa yanka ba. Yaya ta kwafe abin da ke ciki a filash ta miƙa mata.

Yau Inna ta daɗe da rasuwa, gonar tsamiya kuma ba a zuwanta da sakin jiki kamar da, saboda 'yan bindiga. Baba ya yi ritaya, yana Gusau, ni aure ya kawo ni Tsafe. 'Ya'yana kan kira shi a wayata su gan shi ina tsaka da tuƙa tuwo, ba wanda ya yi wanka, ba wanda ya ɗaura zanen suna. Amma in layi ya yi rauni fuskarsa ta tsaya ta dagule, sai in ajiye muciya in karɓi wayar, in ƙura wa kumatunsa ido har hoton ya daidaita. Yaran suna mini dariya, ni kuwa na san a wurin wa na gaji wannan kallon.