Wayar Inna a Kan Ƙusa

Laraba: Mpape

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na kulle ɗakina, katin ɗan ƙasa a aljihun gaba, waya a aljihun wando, na bi 'yar hanyar ƙafa da ke gangarawa tasha. 'Yan'uwa na gida, bari in fara da abin da ya fitar da ni, don na san wasunku rabin labarin suka ji.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina fasa dutse a Mpape. Inna, mahaifiyata, tana can ƙauye ita kaɗai tun rasuwar Baba. Kun san gidanmu, sabis ba ya kamawa ko'ina sai wuri ɗaya, saman ƙofar zaure. Nan na buga ƙusa na rataye mata waya cikin 'yar jaka. Ka matsa da ita taku biyu, ta zama hoto. Inna ba ta karatu, koren maɓalli kawai ta sani. Kullum bayan sallar asuba sai ta miƙa hannu ta danna, wayata ta yi ƙara, ta kashe. Filashin ɗaya, ta kwana lafiya. Filashin biyu, in kira yanzu yanzu. Ran Juma'a ni ke kira, ta tsaya ƙarƙashin ƙusar mu yi hira.

Akwai kuma alkawarin da na sa ta ɗauka da bakina, bayan 'yan damfara sun wanke wani dattijo a garinmu ta waya. Na ce kada ta ɗauki kiran kowa, kada ta bari wani ya ɗauka, sai kiran da ya zo da carar zakara. Mai gyaran waya ne ya sa wa lambata wannan ƙarar, ita kaɗai.

Ran Litinin na tashi ba filashin. Da na duba, ashe kamfani ya toshe layina, ba shiga ba fita. Na ari wayar maƙwabcina Iliya direba na kira Inna sau tara. Tana ƙara, ba a ɗauka. Na nemi mai shagon garinmu, tasa ba ta shiga. Ran Talata na je wurin mai lema da ya sayar mini da layin, ya ce wai bayanaina ba su cika ba, sai na je ofis an sake ɗaukar yatsana. Layin da na shekara goma ina zuba masa kati, yau ne aka gano bai san ni ba.

Iliya ya ɗauke ni gaban tasi ɗinsa, mu biyu a kujera ɗaya da wata mai ɗauke da bokitin awara. Wajen gangaren da ke fita babban titi 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo ya haska ni.

"Baba, ina zuwa da sassafe haka?"

"Ofishin waya."

Ya yi dariya ya buga rufin motar. "Ku tafi. Wannan tasa wahalar ta ishe shi."

Maitama

Daga Mpape zuwa Maitama bai fi kilomita tara ba, amma kamar ka fita ƙasar. Shida da minti goma Iliya ya sauke ni ƙofar ofishin, ya ƙi karɓar ko kwabo. "Malam Hashimu, in sun buɗe layin ka yi mini filashin," in ji shi, ya ja mota.

Na ɗauka ni ne na farko. Maigadi, wani dogon Basakkwace, ya miƙo mini 'yar takarda: lamba ashirin da uku. Na sayi koko da ƙosai wurin wata mata a bakin kwalbati, na zauna ina kallon wani ƙaton allo da suka kafa. Hoton tsohuwa ce a gona, ta kara waya a kunne, tana dariya har dasashi. Na daɗe ina kallonta. Ban san gonar da suka samo ta ba, amma ba a ƙasarmu take ba.

An rubuta za a buɗe ƙarfe takwas. Tara saura aka buɗe. Sha biyu saura ashirin aka kira lambata.

Yarinyar da na samu ba Bahaushiya ba ce, amma tana ƙoƙari. Ta karɓi katina, ta turo mini wani ɗan akwati mai gilashi.

"Baba, sa babban yatsa."

Na sa. Jar wuta.

"Danna da ƙarfi."

Jar wuta. Muka bi yatsu goman nan ɗaya bayan ɗaya, hagu da dama. Ta ba ni man shafawa na murza. Ta goge gilashin da gefen rigarta. Daga ƙarshe ta kama hannuna ta juya shi, ta duba tafin kamar mai duba ƙwai.

"Wane aiki kana yi?"

"Dutse."

"Shi ya sa. Zane na yatsa naka ya goge duka. Inji ba ya gani komai."

"To ni ga ni, ga katina, ga fuskata. Ke ba ki gan ni ba?"

"Ni na gani ka, Baba. Inji ne bai gani ba. Ka huta aiki sati biyu, zane zai dawo."

Sati biyu. Na ce mata ranar da ban ɗaga guduma ba, ranar ban ci ba. Na gaya mata zancen Inna da ƙusa. Ta saurara, ba zan yi mata ƙarya ba, har fuskarta ta canza. Sai ta ce in gwada babban ofishinsu na Wuse, injinsu ya fi wannan. Kafin in tashi ta riga ta kira ashirin da huɗu.

Wuse

Kilomita huɗu ne, da ƙafa na yi su, na tsaya na yi azahar a wani masallacin bakin hanya. Ɗaya da rabi na isa. Mutane sun fi na Maitama sau uku, an jera kujerun roba har waje. Ba wanda ake kira. Na tambayi na kusa da ni, wani ma'aikacin gwamnati mai farar shadda da tabarau.

"Sabis ɗinsu ne ya ɗauke," in ji shi.

"Sabis ɗin wa?"

"Nasu. Na ofishin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, masu sayar da sabis ɗin ne ba su da shi?"

Ya yi murmushi. Can wani ya fito daga ƙofar gefe, suka yi Turanci, suka tafa, ya bi shi ciki. Minti goma ya fito yana magana a waya. Allah ya saka masa dai, da zai wuce ya tsaya ya dubi hannuna, ya ce masu irin matsalata Idu ake tura su, can kamfanin ke da wani sashe da ke ɗaukar fuska maimakon yatsa. Na ce me ya hana a gaya mini tun a Maitama? Ya ɗaga kafaɗa.

Na zauna duk da haka har ƙarfe huɗu, ko Allah zai sa. Ƙarfe huɗu wani ya fito ya ce kowa ya dawo gobe. Wata tsohuwa ta tashi ta zage su tas da yarenta, ba wanda ya fahimta, kowa ya ce amin.

Karmo

Komawa Mpape in sake fitowa ɓata kuɗin mota ne, sai na shiga bas zuwa Life Camp, daga nan Keke zuwa Karmo. A can Haruna yake, wanda muka yi shekara biyar muna fasa dutse tare kafin ƙirji ya hana shi, ya koma gadi. Na same shi gab da magariba. Na sake kiran Inna da wayarsa sau uku. Tana ƙara, tana ƙara, har ta yanke.

"Tunda tana ƙara ai da caji, wani na kula da ita," in ji Haruna. "Ci abinci."

Tuwon masara ne da miyar kuka. Matarsa ta ji labarin yatsa, ta kawo ruwan ɗumi a kwano ta ce in jiƙa hannu, ta ba ni man kaɗanya. Haruna ya kalle ni zaune da hannu cikin kwano, ya ce, "Hashimu, saura lalle." Wannan ce dariyar da na yi a tafiyar nan gaba ɗaya.

Alhamis: Idu

Bakwai daidai na hau Keke. Tafiyar minti ashirin da biyar ce tsakanin tireloli da dogayen katangun masana'antu. Wurin ba shi da allo mai tsohuwa, sito ne babba da ƙofar ƙarfe. Maigadin ya ce ba a shiga sai da takardar turowa.

"Oga, ba wanda ya ba ni takarda."

"To koma inda ka fito su ba ka."

Ban koma ba. Na zauna kan wani bulo daura da ƙofar, inda duk mai shiga sai ya gan ni. Ya kore ni sau biyu, na matsa taku uku na sake zama. Wajen goma da rabi wata mota ta tsaya, wata Hajiya mai hijabi da katin aiki a wuya ta sauke gilashi.

"Baba, lafiya?"

Na ɗaga mata tafin hannuwana biyu. Na ce, "Hajiya, waɗannan ne laifina." Na ba ta labari a tsaye, a gajarce. Ta ce wa maigadin ya bar ni.

Ciki sanyi kamar randa. Ta zaunar da ni gaban wani farin ƙyalle, ta ce in cire hula, ta ɗauki hoto. Ta duba katina, ta danna abin da za ta danna. Wallahi ko shayi ba za ka gama sha ba. Ta ce zuwa la'asar layin zai dawo.

Na ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba. Ka yi haƙuri. Ya kamata tun jiya su turo ka."

Na yi mata godiya, don ta cancanta. Amma ina fita sai na tsaya na lissafa. Kwana huɗu, ofis uku, a kan abin da bai kai shan shayi ba.

Komawa Mpape

Keke zuwa Life Camp, bas zuwa cikin gari, tasi zuwa Mpape. Duk hanyar nan waya na hannuna. Uku da rabi na sauka tasha. Ɗakina cikin kwari yake, can ma sabis sai ya ga dama, don haka ban shiga ba, na haye dutsen bayan masallaci inda 'yan unguwa ke hawa yin kira.

Huɗu da minti biyar sandunan sabis suka fito. Kafin in danna komai saƙonni suka yi ta shigowa, duk na kamfani: in sayi waƙa, in shiga gasa, in ci mota. Na share su na kira Inna.

Ƙara ɗaya aka ɗauka. Ba muryarta ba ce, Lami ce, matar maƙwabcinmu.

"Hashimu? Kai ne? Kana raye?"

"Ina Inna?"

Sai ta ba ni labari. Ran Litinin Inna ta danna, wata mata ta yi mata Turanci. Ran Talata ma haka. Sai ta ɗauka sabis ɗin ne ya ƙara hawa sama. Ta jawo turmi ƙofar zaure, ta kife shi, ta hau, ta cire wayar daga ƙusa tana ɗaga ta. Turmin ya goce. Sai da rana ta fito Lami ta same ta a ƙasa. Ƙugu ne ya karye. Mai ɗori ya zo, ya ce wannan sai asibiti, amma ta ce ba inda za ta sai ta ji daga gare ni.

"Mijina ya je har kasuwa ya kira ka, layinka ba ya shiga," in ji Lami.

"Ni ne fa nake ta kira da wasu lambobi! Sau goma sha biyu!"

"Mun ji. Tana kwance tana ihu kada wanda ya taɓa, wai ka hana. Yanzu ma don zakara ya yi cara ne."

"Ba ni ita."

"Ba ta iya tashi, Hashimu. Wayar kuma in na shiga da ita ɗaki za ta yanke."

Sai na ji Lami ta ɗaga murya tana cewa, Inna, ga shi, lafiyarsa ƙalau. Na toshe ɗaya kunnen. Daga can nesa, ƙasa ƙasa, na ji muryar Inna, ban kama kalmomin ba.

"Me ta ce?"

"Ta ce in gaya maka ba ta ɗauki na kowa ba."

Na ce su nemi mota su kai ta asibiti yau, ni ne na ce, gobe ina hanya. Na zauna kan dutsen nan ban san tsawon lokacin ba. Ƙusar ni na buga ta. Alkawarin ni na ɗora mata. Wannan nawa ne, zan ɗauka. Amma ba ni na toshe layin ba, kuma ba ni na bar gari guda da sabis ɗin da bai fi faɗin tafin hannu ba.

Ina shirin sauka wayar ta yi ƙara. Na ɗauka da sauri. Muryar inji ce, mace, da Hausa mai daɗi. Wai sun gode da ziyarar da na kai ofishinsu. In na gamsu ƙwarai in danna ɗaya, in na gamsu in danna biyu. Na saurara har ƙarshe ko akwai lambar da ta dace da ni. Babu. Na sa babban yatsa na danna ja. Wannan karon ya yi aiki.

Biyar da rabi na buɗe ɗakina, na jingine guduma bayan ƙofa, na ɗaure kaya.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni, ya bar mini Inna da rai. Na gode wa Iliya, da Haruna da mai ɗakinsa, da Hajiyar Idu da ban tambayi sunanta ba, da Lami da ke tsaye ƙarƙashin ƙusa tana kai magana tana kawowa. Godiyata a nan ta tsaya.